Tsuntsuwar da Ba Ta Son Ƙaura: Tattabara a Gidan Bazamfare

Duk wanda ya tashi a tsohon gidan ƙasa a Ƙauran Namoda ko Zurmi ko Shinkafi ya san wata tukunya da ba a girki da ita. Tsohuwa ce, ta tsage ko bakinta ya ɓalle, aka kwantar da ita a kan katanga ko a gefen rumbu, aka liƙe da laka don kada ta gangaro. A cikinta ba a rasa 'yan tsinkaye da ƙwai biyu farare. Tun kafin a sallame sallar asuba mazauna tukunyar sun fara kukan nan nasu mai kama da gurnani, kuma da matar gida ta fito da ƙwaryar gero za su sauko su kewaye ƙafafunta, wata ma ta leƙa turmi.

Kwanakin baya wani abokin aiki ya nuna mini bidiyo a wayarsa: wata Ba'amurkiya zaune a falo, tattabara a kafaɗarta, an ɗaura wa tsuntsuwar ɗan ƙyalle kamar nafkin jariri don kada ta ɓata kujera. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ƙoshi ne ya yi wa mutanen nan yawa. Abin ba ƙage ba ne. A yankin San Francisco akwai ƙungiya mai suna Palomacy da aikinta shi ne ceto tattabarun da aka yasar ko suka kuɓuta daga hannun mahauta, ta nema musu masu riƙo, kuma da dama daga cikin masu riƙon a cikin ɗaki suke ajiye su kamar kyanwa. Na taya shi dariyar, amma daga baya tukunyar nan ta faɗo mini a rai. Mu ma da tattabara muke kwana muke tashi, kuma mun daɗe a haka. Abin da ba mu taɓa yarda mu yi ba shi ne mu ce don ƙauna muke ajiye ta. Kullum sai mun kawo mata wani dalili: nama, magani, kuɗin cefane, kariya. Yadda aka yi muka saba da ɓoye wannan ƙaunar yana da tarihi, kuma tarihin ya ratsa ta hamada da kotun alƙali da marinar majema da tashar jirgin ƙasa.

Sunan ma baƙo ne. Tsuntsayen daji na wannan dangi muna da sunayensu iri-iri: kurciya, hasbiya, bardo. Ita kuwa ta gida, tattabara ko tantabara, masana harshe irin su Roger Blench sun danganta sunanta da harsunan Buzaye da danginsu na Arewacin Afirka, inda har yau ake kiran namijin atbir, macen kuma tatbirt. Mai karatu ya furta kalmar ta biyu a hankali zai ji inda tamu ta fito. Wannan ya dace da abin da aka sani game da tsuntsuwar kanta. Duk tattabarun gida na duniya daga tattabarar duwatsu suka fito, wadda mutanen Gabas ta Tsakiya da gaɓar Bahar Rum suka horar tun shekaru dubbai da suka wuce. Ta biyo ayari ta ƙetaro Sahara, kamar yadda takarda da alkyabba suka ƙetaro. Arewacin Zamfara kuwa a bakin wannan hanya yake. Gobirawa, waɗanda suka kafa Alƙalawa a ƙasar da suka karɓe daga Zamfarawa a ƙarni na 18, tarihinsu na baka daga Azbin ya taso da su, kuma kasuwar Shinkafi ta daɗe tana cika da fataken Maraɗi da na cikin Nijar.

Tarihin da aka rubuta na wannan yanki tarihin doki ne da takobi. A ciki ake jin Alibawan Zurmi, da Namoda wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Turawan da suka ratsa ma idonsu a kan ganuwa da kasuwa yake: Hugh Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824 kan hanyarsa ta zuwa wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Heinrich Barth kuma ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853. Da Barth ya isa Tumbutu daga baya a wannan shekara, ya zauna kusan a tsare, tattabara ta sami wuri a labarinsa, domin 'yan shila sun zama abincinsa na yau da kullum saboda arharsu. Ko wannan ɗan bayani ya isa ya nuna cewa a tsakiyar ƙarni na 19 kiwon ya zauna da gindinsa a biranen Sudan ta Yamma, har ya zama naman wanda ba shi da kuɗin rago.

A ƙasashen da ta baro, tattabara ta yi zaman fada. Al-Jahiz na Basra, wanda ya rasu a ƙarni na 9, ya ware mata babban sashe a Kitabul Hayawan, yana bayanin asalinta da farashinta kamar yadda ake yi wa dawaki. Nuruddin Zangi ya kafa gidan waya na tattabaru a Sham wajen shekarar 1171, sarakunan Mamluk na Masar kuma suka faɗaɗa shi. Sarki Akbar na Indiya, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, marubucin fadarsa Abul Fadl ya ce yana da tattabaru fiye da 20,000. A nan ƙasar Hausa ba ta hau wannan matsayi ba. Wasiƙun Sakkwato a kan doki da ƙafar manzanni suka yi ta yawo, abin alfaharin basarake kuma ingarma ne da jimina da ɗawisu. Tattabara ta faɗa hannun mata da yara, kuma a ganina wannan ne ya cece ta, domin abin da sarki bai ƙyalla ido a kansa ba, ba ya sa masa haraji. An yi jangali a kan shanu tun kafin Turawa, Turawa suka zo suka ƙara tsananta shi, amma babu mai karɓar harajin da ya taɓa hawa katanga ƙirga tukwane.

Akwai dalili na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Tattabara ta iso mana tare da littattafan fiƙihu, littattafan kuma suna kallonta da ido biyu. Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga wani mutum yana bin tattabara, sai ya kamanta mai bin da abin da yake bi da shaiɗanu. Malamai sun fassara wannan da wanda wasan tashin tattabaru ya shagaltar da shi daga abin da ya wajaba a kansa. A biranen Larabawa wasan ya zo da ɓarna sananniya: caca, jifa da ke fasa kayan maƙwabta, satar tsuntsun wani ta hanyar janye shi cikin garke, da hawa kan soro inda ake hango matan gidajen mutane. Duk ɗalibin ilimin hadisi kuma ya san labarin Giyasu ɗan Ibrahim, wanda ya tarar da Halifa Mahdi na Abbasiyawa yana wasa da tattabaru, sai ya ƙara mai fiffike a cikin hadisin da ya halatta gasar raƙuma da dawaki da kibau, don ya faranta masa. Halifa ya ba shi kyauta, amma da ya fita ya gane ƙarya ya yi, ya sa aka yanka tattabarun, yana cewa shi ya jawo. Tsuntsayen da ba su san hawa ba su san sauka ba su suka biya.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne Muhtasar na Halil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14, littafin da alƙalan daular Sakkwato suka riƙa hukunci da shi, wanda har yau ake karantawa a zauruka daga Gusau zuwa Zurmi. A babin shaida, Halil ya sharɗanta cewa mai ba da shaida ya kasance mai mutunci, ya kuma kawo misalan abubuwan da ke zubar da mutuncin: wasa da tattabara, sauraron waƙa, shiga sana'ar jima ko saƙa ga wanda ba gadonsa ba ne kuma ba larura ta sa shi ba, da dawwama a kan wasan dara irin ta shaɗaranji. Mai karatu ya dubi nauyin wannan a garin da shaidar mutum ita ce jarinsa. Dattijon da aka san shi da tsayawa yana kallon tattabarunsa suna shawagi, yana yi musu fito, abokin shari'arsa na iya tsayawa gaban alƙali ya soki shaidarsa a rikicin gona ko na gado. Su malaman dai ba su hana kiwon ba. Sun halatta ajiye tattabara don ƙwai da 'ya'ya, don kai saƙo, har ma don ɗebe kewa. Abin da suka ƙi shi ne wasa. To amma tsakanin ɗebe kewa da wasa tazarar ba ta da yawa, kuma Bahaushe mai kunya ya zaɓi ya tsaya nesa da iyakar. Sai magidanci ya ce tattabarun na yara ne, ko na mai ɗakinsa, alhali shi ne ke fara lura idan guda ba ta dawo ba da magariba.

Daga nan ne, a fahimtata, camfe-camfen da ke kewaye da ita suka sami wurin zama. Za ka ji an ce tattabara ba ta zama gidan da babu zaman lafiya, ko kuma idan aka yi wa gida sammu a kanta yake sauka, ko tana ɗauke hankalin aljanu daga ƙananan yara. Wannan na ƙarshe yana da tushe a wata ruwaya da malaman hadisi suka yi watsi da ita, kamar yadda suka yi watsi da wadda ke cewa an umarci wani mai kukan kaɗaici ya nemi tattabaru biyu. Ibnul Ƙayyim ya tattara irin waɗannan ruwayoyi na falalar tattabara ya ce ba su inganta ba. Akwai kuma masu cewa kiwonta tsiya yake jawowa. Maganganun suna karo da juna, amma duk aikinsu ɗaya: suna ba mutum abin faɗa idan aka tambaye shi dalilin da ya sa yake ɓarnar hatsi a kan tsuntsu. Wanda ya ce don kariya yake ajiye ta ba a yi masa kallon mai wasa.

Amfanin kuwa na gaske ne, ba fakewa kawai ba. Tattabara ƙwai biyu take yi, ita da mijinta su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci, shi da rana ita da dare, har kwana 18 ko kusa da haka. Idan suka ƙyanƙyashe, uwa da uba duka suna fitar da wani farin ruwa mai kauri daga maƙoshinsu, mai kama da nono, su ɗura wa 'ya'yan. Cikin mako huɗu ɗan shila ya kai girman yanka, kafin nan ma sau da yawa uwar ta sake sabon ƙwai. Ba ta buƙatar makiyayi, ba ta shiga gonar maƙwabci a kai ƙara, da kanta take zuwa masussuka da bakin kasuwa ta yi kiwo ta dawo. Ga macen da ke cikin kulle wannan dukiya ce da ta dace da ita ƙwarai. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina ta wallafa a 1972, ta nuna yadda yawancin awaki da tumakin ƙauye mallakar mata ne. Tattabara ita ce matakin da ke ƙasa da akuya: da ita yarinya ko yaro ke fara sanin mallaka, a sayar da 'yan shila a sayi kaza, a sayar da kaji a sayi 'yar akuya. Farfesun ɗan shila kuma abincin mai jego ne da wanda ya tashi daga ciwo, har likitocin zamani ba sa musun cewa nama ne mai gina jiki.

Sai kashinta. A Isfahan ta Iran an gina dogayen hasumiyoyi musamman don tara kashin tattabara a kai gonakin kankana, a Masar ma hasumiyoyin laka na tattabaru suna nan a ƙauyukan bakin Nilu. A nan masu lambun albasa da tattasai a fadamun Gagare da Bunsuru sun san ƙarfinsa, sun kuma san yana ƙone shuka idan aka zuba shi ɗanye da yawa. Amma babban mai sayensa majemi ne. Bayan an cire gashin fata da toka ko farar ƙasa, fatar takan kumbura ta yi tauri, sai a jiƙa ta a ruwan kashin tattabara, ƙwayoyin da ke cikinsa su narkar da abin da ya rage su saki jikinta, kafin a kai ta ruwan bagaruwa. Haka ake yi a majemar Kano, haka ake yi a Fas ta Maroko, haka Turawa ma suka yi har farkon ƙarni na 20 lokacin da Bajamushe Otto Röhm ya fito da sinadarin da ya maye gurbinsa. Fatar jan akuyar Sakkwato da ta Maraɗi, wadda ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko, da irin wannan jiƙo take samun laushinta. Abin ya kan ba ni murmushi: tattabara da jima, waɗanda Halil ya jera a layi ɗaya cikin abubuwan da mai mutunci ke gudu, ga su sun haɗu a rami ɗaya suna fitar da kayan da aka yi wa littattafan manyan malamai bango da shi.

A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda ya tsaya, garin ya zama ƙarshen layi. Gyaɗa da auduga da fatu na ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Isa suka riƙa taruwa a nan kafin a loda su zuwa Legas. Ga tsuntsu mai cin tsaba, tasha da rumbunan kamfanoni liyafa ce. Amma jirgin da ya tafi da gyaɗa ya dawo da kwanon rufi da siminti, kuma sannu a hankali waɗannan suka sauya gidan da tattabara ta sani. Katangar laka tana karɓar tukunya, ana iya huda ta a yi gurbi, tana da sanyi da rana da ɗumi da dare. Bangon bulo ba ya karɓar komai. Sai masu kiwo suka koma akwatin katako, da kwali, da jarkar da aka yanke wa gefe aka rataye da waya, waɗanda zafin bazara ke mayarwa tanda. Wasu tattabarun kuma suka gano sararin da ke tsakanin kwano da silin, suka shige, suka zama abin ƙorafin masu gidan haya da masu kula da masallatai.

Duk da haka sun ci gaba da kasancewa da yawa. Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka gudanar a 1990 ta kiyasta tattabarun gida a Nijeriya sun kai kimanin miliyan 15, wato su ne na biyu bayan kaji, sun fi agwagi, sun ninka zabi har sau uku. Na sha mamakin wannan adadi, domin zabo ana ganinsa a kasuwa ana jin kukansa, yana da ƙwai da ake talla a tasha, ita kuwa tattabara tana can bayan katanga, a sashen da baƙo namiji ba ya shiga.

A 'yan shekarun nan wani abu ya sauya a birane. Samari sun fara kiwon tattabarun ado, masu wutsiya buɗe kamar mafici, da masu kumbura maƙoshi, da masu gashi har ƙafa, ana cinikinsu a Facebook da WhatsApp, ana tura su a mota daga Kano zuwa Gusau cikin kwali mai huji. Waɗannan ba a yanka su, yawancinsu ma ba sa iya kiwo da kansu, wasu ko tashi sosai ba sa yi. Irinsu ne Charles Darwin ya fara tarawa a gidansa a 1855, ya yi ta haɗa su aure har ya tabbatar cewa duk bambancin surarsu asalinsu guda ne, ya buɗe littafinsa na 1859 da misalinsu. A duniyar masu tsere kuwa kuɗin ya wuce hankali: a Nuwamba 2020 an sayar da wata tattabarar Beljiyam mai suna New Kim a kan yuro miliyan 1.6. Saurayin da ke da keji a bayan ɗakinsa a Ƙaura bai kai nan ba, amma shi ne Bahaushe na farko da ke cewa a fili yana ajiye tattabara don tana burge shi. Kakansa ba zai iya furta haka a zaure ba.

Game da shigar da ita ɗakin kwana kuwa, ina ganin tsohon tsarin ya fi hikima, ko da waɗanda suka kafa shi ba su san sunan cutar ba. Gashin tattabara yana fitar da wata farar ƙura mai laushi, busasshen kashinta ma yana zama gari. Wanda ya daɗe yana shaƙar su a rufaffen wuri yana iya kamuwa da kumburin huhu da likitoci suka bayyana a 1965 suka sa masa sunan huhun mai kiwon tattabara: tari, haki, zazzaɓi sa'o'i kaɗan bayan share keji, idan aka yi sakaci kuma huhun ya yi tabo na dindindin. A ƙasar da duk mai dogon tari ake fara zarginsa da tarin fuka, irin wannan majiyyaci na iya shan maganin wata shida a banza idan likita bai tambaye shi abin da yake kiwo ba. Akwai kuma wani naman gwari da ke rayuwa a tsohon kashin, mai haɗari ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Gidan Bahaushe ya raba gardamar tun tuni, domin yana da wuri na uku da gidan Bature ba shi da shi. Tsakar gida ciki ce, tunda baƙo ba ya shiga sai da izini, amma sama a buɗe take, iska na wucewa. Tattabara ta zauna tare da iyali, ta ci daga hannun yara, ta san muryar mai ba ta hatsi, ba tare da ta kwana a kan gadon kowa ba. Ba'amurkiyar nan ta bidiyo ba ta da tsakar gida, shi ya sa ta koma ga nafki.

Akwai wata ɗabi'a ta tsuntsuwar da duk wannan tsari ya dogara a kanta, wadda a yau ta zama abin tausayi. Tattabara tana sabo da mutum, amma amanarta ga wuri take. Duk mai saye a kasuwa ya san idan ya kawo babba gida ya sake ta washegari, gidan mai sayarwa za ta koma, shi ya sa ake fige mata gashin fiffike ko a ɗaure shi, a kulle ta makonni, har sai ta yi ƙwai a sabon wuri sannan ta haƙura. Wannan ɗabi'a ce Nuruddin ya mayar gidan waya, ita ce kuma Julius Reuter ya yi amfani da ita a 1850 wajen kai farashin hannun jari tsakanin Brussels da Aachen. Harshenmu ya ajiye kishiyar wannan a jikin 'yar uwarta ta daji: idan aka ce an yi wa mutum kurciya, ana nufin an yi masa asirin da zai bar garinsu ya shiga duniya, ba ya waiwaye.

Fiye da shekara goma ke nan ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da na kewayen Ƙaura suna fama da 'yan bindiga. An kore shanu, an ƙone rumbuna, an sa wa manoma haraji kafin su shiga gonakinsu, dubban iyalai sun kwashe sun koma cikin garuruwa. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, a farkon Satumba kuma aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Ana lissafin asarar da shanu da buhuna da rayuka, kuma haka ya kamata. Amma ƙaramar dukiyar mata ma ta tafi. Kasuwar da ake kai 'yan shila ta tsaya, masussukar da tattabara ke kiwo kyauta ta zama wurin da ba a zuwa, tiyar gero kuma ta yi tsadar da mai ciyar da marayu ba za ta watsa ko tafin hannu a ƙasa ba. Akuya ana iya janta da igiya a gudu da ita, kaza a cusa ta a buhu. Tattabara idan hari ya zo da rana tana sama, idan an dawo ɗaukarta da dare an sayar da rai, idan kuma an yi sa'a an fito da ita, ranar da aka sake ta za ta koma kangon da masu shi ba sa iya komawa.

A bara na je gaisuwa wani gida a Ƙaura, inda aka ba wata tsohuwa da jikokinta ɗaki guda bayan sun baro ƙauyensu a ƙasar Zurmi. Muna cikin gaisawa na ji gurnani daga ƙarƙashin gado. Ta sa jikanta ya jawo wani kwando da aka rufe da tsohon gidan sauro, ga tattabaru biyu a ciki, fari da mai ruwan toka, an ɗaure musu fiffike da zare. Ɗakin ba shi da taga sai wata 'yar kafa, mutum shida ke kwana a ciki, ɗaya daga cikin yaran kuma yana tari. Na ce, "Inna, da an fitar da su waje, ƙurarsu ba ta da kyau ga ƙirjin yara." Ta ce tsakar gidan ba tata ba ce, akwai muzuru, kuma matar gidan ta riga ta yi magana a kan kashi. Na ce to me zai hana a yanka wa yaran su sha romo, ko a sayar a sayi tiya guda.

Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce asalinsu daga tattabarun da uwarta ta ba ta ne lokacin da aka kai ta ɗaki, sun fi talatin a can gida, waɗannan biyun ne kawai suke cikin tukunya a daren da suka fito. Na jira in ji ta ce suna tsare sammu, ko na jikanta ne. Ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ta ce, "Ɗan nan, in na ji su da asuba sai in ɗauka gida nike." Ta mayar da gidan sauron ta rufe kwandon, ta ce tana jira macen ta yi ƙwai tukuna, sannan ta kwance zaren.